Saƙon da Malam Zomo Bai Ji Ba

Ni ce matarsa, saboda haka in na ce mutumin nan yana da taurin kai, ba labari aka ba ni ba. Amma kafin in kai ga kan, bari in fara da kunnen, don da kunne aka san shi.

Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. A nan Malam ya tashi, a tsakiyar rediyoyin mutane da aka buɗe wa ciki, kowace tana nata surutun. Ya ce min tun bai san ma'anar kalma ɗaya ba yake kwaikwayon masu karanta labarai da Turanci, har masu kawo gyara su tsaya suna dariya. Kafin a sa shi makaranta bakinsa ya riga ya faɗa. Da ya girma bai yi shawara da kowa ba, koyar da Turanci ya kama, ya yi a firamare, ya yi a sakandare, a kan wannan aikin na same shi.

Salon koyarwarsa ɗaya ne tal. Ya faɗi jimla, aji duka su maimaita da murya ɗaya. Yara cike da ɗaki suna rera abu guda, shi kuma yana zagawa, hannu a baya, kai a ɗan karkace. Sai ka ga ya tsaya cak, ya nuna can lungu, ya ce wancan na kusa da taga ya sake faɗa shi kaɗai. Kuma wallahi shi ne mai kuskuren, bai taɓa nuna wanda ba shi ba. Yara suka sa masa Malam Zomo. Ya san da sunan, yana nuna kamar haushi yake ji, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san har cikin ransa daɗi yake ji. Akwai manyan mutane masu furfura yau da in suka gan shi a titi sai su durƙusa su gaishe shi, suna ba 'ya'yansu labarin kunnen.

Ni kuwa a gida kunnen nan azaba ya zame mini. Ɗinki nake yi, kekena yana ɗan falonmu, ɗakin karatunsa yana can ƙarshen baranda. Daga can zai ɗaga murya ya ce keken nan yana son mai. In yara suka yi raɗa a kicin za su ɗebi sukari, kafin su buɗe gwangwani ya kira sunan mai shirin. Ko tsaki na ja a bayan gida sai ya tambaye ni da wa nake. Na sha ce masa Allah ya haɗa shi da ranar da zai ji shiru ya huta, mu ma mu huta. Da wasa nake faɗa, Allah ya sani.

Da ya yi ritaya bai iya zaman gida ba. Wata biyu ya yi yana bina da gyaran magana har a kan cefane, sai Allah ya taimake ni aka ɗauke shi a makarantar manya ta yamma. Ɗaki ne guda a saman wani shagon fenti, da benci-benci da fanka mai kuka da allon da ya koɗe. Ɗalibansa direbobi ne da masu gadi da ma'aikatan otal da matan kasuwa, mutanen da ke tasowa daga aiki a gajiye su zo neman Turancin da zai ƙara musu matsayi. Malam ya so ajin nan fiye da duk wanda ya taɓa riƙewa. Ranar da yake da darasi tun azahar yake goge takalmi.

A wannan lokacin ne ya daina cewa kekena yana son mai. Da farko na ce to, tsufa ya kawo haƙuri. Sai wata rana butar shayi ta yi ta ƙara a kan wuta yana zaune kusa da ita yana karatu, bai ko ɗaga kai ba. Na zagaya bayansa na kira shi, shiru. Na ƙara murya, shiru. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura, ya hau ni da faɗa wai ina tafiya kamar kyanwa. Na koma kicin na zauna a kan turmi na rasa abin da zan yi da hannuna.

Babban ɗanmu ya zo har gida ya ce zai kai shi wurin likitan kunne, akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa, ba ma a cika ganinta ba. Malam ya wanke shi tas. Ya ce kunnensa ƙalau yake, mutanen yanzu ne ke magana a cikin hanci. Ya ce wa zai biya ya koyi furuci a wurin mutumin da ke yawo da batir a kunne? Ɗanmu ya tafi ransa a ɓace, ni kuma aka kafa mini doka, maganar nan kada ta fita ƙofar gida.

Abin da ya yi maimakon zuwa asibiti shi ne ya koyi karanta baki. Kuma ya iya, don mutumin nan in ya sa kansa abu sai ya ga bayansa. Ya sa aka jera bencin aji kamar rabin da'ira, kowane baki yana fuskantarsa, aka yi ta yaba masa wai ya kawo sabon salo. Yana faɗin jimla, su maimaita, shi kuma yana bin leɓɓansu da ido, ya kama wanda harshensa bai fito inda ya kamata ba. Sunan Malam Zomo bai girgiza ba ko kaɗan. Ni dai tun ranar da wani babur ya kusa kwashe shi a mararraba na fara raka shi. Muka ce wa mutane ni ma karatun nake so. Ina zama a bencin ƙarshe da ɗinkin hannu a cinya, Turancin yana wucewa ta saman kaina.

Da haka muka yi ta lallaɓawa har aka kawo sabuwar shugaba. Yarinya ce sa'ar 'yarmu ta biyu, mai ladabi, Baba take ce masa. Kuma ba zan yi mata ƙarya ba, abin da ta kawo mai kyau ne. Ta ce sau biyu kawai ake haɗuwa a mako, ba mai iya harshe da haka. Ta sa aka saka wa kowane ɗalibi wata manhaja a waya. A cikinta akwai darussa, mutum ya saurara a mota ko a wurin gadi ko yana jiran ciniki, ya maimaita, manhajar ta nuna masa inda ya kauce, ya sake har ya daidaita, ba sai ya jira malami ba. Abu ɗaya ta bar wa malami, shi ne hirar mako. Kowane ɗalibi zai ɗauki muryarsa yana ba da labarin duk abin da ya ga dama da Turanci, ya aika wa Malam, Malam ya saurara ya amsa masa da murya. Ta ce mutum ya fi sakin baki in ya san akwai mai jinsa.

Tana bayani Malam yana gyaɗa kai yana murmushi. Ni a baya abu ɗaya nake ta tunani. Waya ba ta da leɓe.

Saƙonni suka fara shigowa. Sai ya shige ɗakin karatu ya turo ƙofa, in ji shi yana amsawa da muryar nan tasa ta aji. Abin ya ɗaure mini kai, na leƙa ta taga. Ashe in ya danna saƙo, akwai wani ɗan layi da ke tafiya a fuskar wayar har maganar ta ƙare. Layin yake kallo. Ya zauna tsaf, ya jira ya kai ƙarshe don a ga ya buɗe, sannan ya amsa gwargwadon tsawonsa. Mai gajeren saƙo a ce masa ya ƙara ƙoƙari, kada ya ji tsoron kuskure. Mai matsakaici a ce ana samun ci gaba. Mai dogo kuwa ya sha yabo, a ce masa madalla, ya ci gaba, Malam yana jinsa.

Na tura ƙofar na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina. Na ce wannan ha'inci ne, kuma bai yi kama da shi ba. Ya ce in fita masa daga harkar da ban sani ba. Wai abin da ake so su yi magana, kuma suna yi, gyara kuwa yana yi musu a aji. Abin haushin shi ne ta wani ɓangaren gaskiya ya faɗa. Bakin mutanen nan ya buɗe. Wani direba da a da ko gaisuwa ba ya iya haɗawa ya fara hira da fasinjojinsa baƙi. Shugaba ta ce ajin Baba ya fi kowane aji aiko da saƙo. Malam ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya dube ni ta gefen ido.

A bencin ƙarshe kusa da ni wata yarinya ke zama, Mai-guga ake ce mata don aikinta ke nan a wani otal. Siririya ce, ba ta da hayaniya, bayan hannunta duk tabon ƙuna. Ita ke riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta, uban ya rasu tun tana ƙarama. An yi mata alkawari in Turancinta ya nuna za a ɗauke ta daga ɗakin wanki a mayar da ita teburin karɓar baƙi, wurin da ake zama a kujera cikin sanyi. A aji ba ta buɗe baki sai an matsa mata, amma a waya ita ce sarauniyar dogon saƙo. Tana kirana Mama, tana taya ni zura zare a allura.

Wata rana ta sunkuyo ta ce min Malam mutum ne mai haƙuri. Ta ce duk shirmen da take zuba masa yana saurare har ƙarshe, bai taɓa katse ta ba, bai taɓa yi mata dariya ba. Ta ce wani lokaci har mantawa take darasi ne, sai ta ji kamar da mahaifinta take hira. Kunya ta rufe ni, na duƙufa a kan ɗinkina kamar na ɓatar da allura. Muna isa gida na faɗa masa kalma da kalma. Ya ce zai san abin yi. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wa amsarta tsawo, ya fara ce mata 'yata.

Sai Shugaba ta ƙara kawo wata dabara. Ta ba shi 'yar lasifika, ta ce duk mako ya zaɓi saƙon da ya fi kyau a sa wa aji su ji, don sauran su yi kishi su ƙara himma. Kun san yadda Malam zai zaɓa. Makon farko ya faɗa kan direban nan yana ba da labarin tayar da ta fashe masa a daji, aka sha dariya. Na biyu wata mai sayar da takalma ce da labarin rigimarta da mai haya. Sa'a ta yi ta binsa, har ni na fara sakin jiki.

Ranar da abin ya faru, da yamma ce, fanka tana kukanta, warin fenti yana tasowa daga ƙasa. Malam ya jona wayarsa da lasifika, ya gyara tsayuwa, ya ce tunda ya fara aikin nan bai taɓa samun ƙoƙari irin na wannan makon ba, kowa ya buɗe kunne ya ji yadda 'yarsa Mai-guga ta yi. Na ji yarinyar ta ƙame a gefena. Ya danna, ya juya ga allo zai rubuta kan darasi.

Da Hausa muryar ta fara, a hankali: “Malam, don Allah wannan kai kaɗai. Ko Mama kada ta ji.”

Ajin ya yi tsit. Mai-guga ta ɗaga hannu ta ce Malam, don Allah, amma ƙeyarsa take yi wa magana. Muryar ta shiga Turanci, tana tafiya tana tuntuɓe, kuma duk inda Turancin ya gaza sai ta cike da Hausa, ta haka har ni na gane. An gano mata ƙari a mama. Likita ya ce sai an yi tiyata. Mahaifiyarta ba ta sani ba. In otal suka ji ba za su ba ta teburin ba, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa sai shi. Daga nan kuka ne, kukan mutumin da ya tabbata ba mai jinsa sai mutum ɗaya, yana fitowa ta lasifika ya cika ɗakin.

Ba wanda ya motsa. Girman Malam ya ɗaure kowa, kowa yana jiran ya kashe da kansa. Ni na yunƙura, ɗinki ya zube, gwiwata mai ciwo ta riƙe, benci ya tare ni. Kafin in fita Malam ya juyo. Ya ga yarinyar a tsaye, hannu biyu a baki, ya ɗauka kunyar yabo ce. Sai ya yi mata murmushi ya fara tafi. Shi kaɗai yake tafawa, yana duban sauran yana yi musu alama da kai su taya shi. Na kai ga igiyar lasifikar na fizge ta, amma a lokacin ba abin da ya rage ba a ji ba. Mai-guga ta fita ko jakarta ba ta ɗauka ba. A bencin gaba akwai abokan aikinta na otal, kuma ɗayarsu ita ma teburin nan take nema.

Ban san yadda muka sauko daga benen ba. A gida na zaunar da shi yana fuskantar taga don haske ya faɗa a bakina, na faɗa masa abin da ya sa wa mutane. Ya sa na maimaita farkon, inda ta ce shi kaɗai. Na maimaita. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya zauna a haka har abincin da na ajiye masa ya huce.

Washegari Shugaba ta zo har gida. Ta zauna a bakin kujera, ta ƙi shan ruwan da na kawo. Ta dube shi ta yi masa tambaya ɗaya, kuma wallahi ƙofa ce ta buɗe masa: “Baba, ka saurari saƙon nan kafin ka sa shi?”

Na zuba masa ido. Na ce a raina yau dai ƙarya ta ƙare, za mu ji kunya sau ɗaya mu huta.

Ya ce, “Na saurara.”

Ya ƙara da cewa ya ga darasi ne mai amfani, kuskuren lissafi ya yi. Shugaba ta dube shi wani irin kallo da ban taɓa ganin an yi wa mijina ba. Cikin ladabi ta ce ya ɗan huta a gida tukuna har ƙura ta lafa, za ta neme shi. Da za ta fita ba ta ce masa Baba ba.

Ko ƙofar waje ba ta kai ba na tsaya a kansa. Ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba, kuma ko amfani ba ta yi, bakin kawai yake kallo. Na ce ashe ya gwammace a ce shi mugu ne da a ce kurma ne? Na ce yarinya tana can tana ganin uban da ta yi wa kanta ya tozarta ta da gangan, shi yana nan yana gadin wani suna da yara suka sa masa don tsokana.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, a hankali, “Mugu yana iya ba da haƙuri ya koma aji. In na ce ba na ji, ina zan koma?”

Tausayinsa ya kama ni, kunyarsa ta kama ni, na shiga ɗaki na bar shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Wayar ta yi shiru, ba mai aiko da hirar mako. Yana zama da ita a hannu yana shafa fuskarta. Direban nan da yake rage mana hanya ya wuce mu a titi ya kau da kai. Wata mai kawo mini ɗinki, ƙanwar wani ɗalibinsa, ta aiko a karɓar mata yadinta ko yanka shi ban yi ba. In na fita cefane sai in ji kamar kowa ni yake nunawa, in sayi abin da ban yi niyya ba don dai in bar wurin. Ni da na yi shekaru ina tafiya kai a sama don ni ce matar Malam Zomo, na koma bin gefen katanga.

Wani mai gadi daga cikin ɗalibansa ne ya kawo ƙarshen labarin. Bai shigo ba, a ƙofa ya tsaya ya faɗa mini. Magana ta kai otal tun washegari. An kira Mai-guga an ce mata cikin lalama ta fara kula da lafiyarta tukuna, teburin kuma an ba waccan. Mahaifiyarta ma a bakin maƙwabta ta ji. Na shiga na faɗa wa Malam ba tare da na rage komai ba. Ranar bai ci abinci ba.

Da safe na same shi ya yi aski, ya sa rigar da yake zuwa aji da ita. Ya ce in raka shi.

Ta ƙofar baya ake shiga ɗakin wankin otal, a wuce kwandunan shara da tukwanen gas, a sauka wani matsattsen bene. Zafi ne ya fara tarbar mu, sai tururi da ƙarar injinan wanki. Zannuwan gado jibgi-jibgi a cikin kwanduna masu taya. Mata suna ta aiki, har da biyu daga cikin 'yan ajinsa. Mai-guga tana can a dogon teburi, bayanta ga ƙofa. Wata ta taɓa ta, ta waiwayo ta gan mu, ta mayar da kai ga aikinta.

Malam ya matsa ya yi sallama. Ta amsa ba ta juyo ba. Sannan ta fara magana, dutsen guga yana kai da kawowa a hannunta. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta ce ita dai uba ta ɗauke shi. Ta ce ta yi ta tunani ko akwai abin da ta taɓa yi masa, ba ta gano ba. Ta ce in darasi yake nema, ai ga littattafai nan, me ya sa sai da jikinta? Ni ina jin komai. Shi yana tsaye yana kallon bayanta, yana ganin kafaɗunta suna motsi, bai san ko magana take ko kuka ba.

Ya juyo ya dube ni, irin duban da yake min in yana son in ba shi alamar abin da ake faɗa. Na sunkuyar da kai na kalli ƙasa.

Sai na ji muryarsa, da ƙarfi fiye da yadda yake zato, har ta danne injinan.

“'Yata, juyo in ga bakinki. Ba na ji. Na daɗe ba na ji.”

Duk ɗakin hannu ya tsaya. 'Yan ajinsa suka dubi juna. Aji ya kuɓuce masa a wannan lokacin, shi ma ya sani, na ga yadda ya riƙe bakin teburi. Mai-guga ta ajiye dutsen guga a mazauninsa ta juyo. Ya ce mata bai ji saƙon ba, da ya ji da ya yanke hannunsa kafin ya danna. Ya ce tsawon layi yake dubawa. Ya faɗi komai, bai nemi sauƙi ba, hawaye yana bin gemunsa a gaban matan da ya koya wa gaisuwa.

Ni a wautata na ɗauka za ta ji sanyi, tunda ga shi ba mugunta ba ce. Da za ta yi magana sai ta buɗe baki sosai, a hankali, yadda zai gani.

“Sauran fa, Malam? Na baya?”

“Ban ji ba.”

“Ko ɗaya?”

“Ko ɗaya.”

“Har ranar da na ba ka labarin babana?”

Ya girgiza kai.

Ta dubi hannayenta, ta sake dubansa. Ba ta yi kuka ba.

“Ashe ni kaɗai nake ta magana.”

Wannan kam ko harafi bai kuɓuce masa ba. Ya ce, “E, 'yata.”

Ta juya ta ɗauki dutsen gugarta, ta jawo wani zanin gado ta shimfiɗa. Muka ɗan tsaya, ba wanda ya ce mu zauna, ba wanda ya ce mu tafi. Na kama hannunsa muka hau benen.